Likita, fitsari ya hana ni sakat, wai sanyi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 47, ina sayar da atamfa a Taminus da ke Jos. Kusan shekara guda ke nan fitsari na matsa mini ba zato ba tsammani, wani lokaci kafin in kai banɗaki ya zubo. Da rana nakan je fiye da sau goma, da dare sau uku, alwala ba ta zama. An ce sanyi ne. Na sha Ampiclox da Flagyl da Cipro, an yi mini allurai a kemis, na sha jiƙo, shiru. Yanzu har ruwa na rage sha. Ko ƙodata ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, bayanin naki bai yi kama da lalacewar ƙoda ba. Ya fi kama da matsalar mafitsara mai gaggawa: tsokar da ke jikin mafitsara ce ke matsewa tun ba ta cika ba. Mafitsarar babba tana ɗaukar mililita 400 zuwa 500, taki kuwa tun da 'yan kaɗan take tayar da ke. Alamunta su ne matsuwar da ba ta jira, zuwa fiye da sau takwas a wuni da kwana, tashin dare, da zuba a wasu lokutan.

To amma bari in tsaya kan wannan "sanyi", don ya ishe mu. Babu ranar da zan zauna a asibiti ban ji shi ba. Ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, yawan fitsari ma sanyi. Mai mota da lasifika ya faka a bakin kasuwa, ya lissafa cuta ashirin, ya ce kwalba ɗaya ce maganinsu. Mai kemis kuma bai ga fitsarinki ba, bai aika ki gwaji ba, ya haɗa miki ƙwayoyi kala uku a leda. Waɗannan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne. Idan babu ƙwayar cuta a fitsarin, me za su kashe? Sai dai su kashe masu amfani a hanji da gaba, su jawo ƙaiƙayin da za a sake kira sanyi, a sake sayar miki da wasu. Ranar da cutar gaske ta zo kuma, maganin ya daina ci. Allurar nan ma ta fi tayar mini da hankali, domin idan Gentamicin ce, ita kanta tana iya taɓa ƙodar da kike tsoro, har da ji. Mu a Jos abin ya fi rikita mutane, saboda lokacin hunturu kowa fitsarinsa na ƙaruwa, sai a ce ai ga shi nan, sanyi ya shiga jiki. Abin takaicin shi ne, ana nan ana maganin sanyi wata da watanni, ciwon suga ko ƙari a mafitsara yana can yana girma ba wanda ya duba.

Rage ruwan ma ki daina. Fitsari mai kauri ƙara fusata mafitsara yake yi. Ki sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a warwatse cikin wuni, ki sassauta awa biyu zuwa uku kafin barci.

Ki je asibiti a gwada fitsari da suga. Idan kina shan maganin hawan jini ki tafi da shi, wasunsu irin su Moduretic sa fitsari suke yi. Kafin ki je, ki yi kwana uku kina rubuta abin da kika sha, lokacin da kika yi fitsari, da lokacin da ya zuba. Wannan takardar ta fi mini amfani a kan dogon labari.

Shayi, kofi, lemun kwalba mai baƙi da goro duk suna zuga mafitsara, ki rage. Ki magance taurin bayan gida. Sai horar da mafitsara: idan matsuwar ta zo kar ki ruga, ki tsaya cik, ki matse gabanki kamar mai riƙe tusa har ta lafa, sannan ki tafi a hankali. Duk mako ki ƙara minti 15 a tsakanin zuwa da zuwa, aƙalla mako shida. Atisayen matse ƙasan mara kuma, wato maimaita irin wannan matsewar, sai an ba shi wata uku. Idan hakan bai wadatar ba akwai Solifenacin ko Oxybutynin, masu busar da baki, ko Mirabegron, wanda sai an riƙa auna hawan jini. Likita ne zai zaɓa miki.

Zancen alwala kuwa, malamai sun yi bayanin sassauci ga mai wannan lalura, ki tambayi malamarku ta Islamiyya. Amma in kika ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon gefen baya, ko fitsarin ya ƙi fita, ranar za ki tafi asibiti, ko da dare ne.