Matatar wankin ƙoda da ta ruwan leda: iri ɗaya ne?

Tambaya: Mahaifina yana zuwa wankin ƙoda. Wani ya ce min matatar da ke jikin injin irin ta masu ruwan leda ce. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Matatun biyu dangi ne, amma aikinsu ya sha bamban.

Matatar da masu ruwan leda ke sakawa, wadda ake kira RO (reverse osmosis), wani tantani ne siriri da aka naɗe kamar tabarma. Famfo ne ke matsa ruwa da ƙarfi ya ratsa shi, gishiri da ƙwayoyin cuta su tsaya a baya. Ba a so komai ya wuce sai ruwa.

Ta wankin ƙoda kuwa zaɓe take yi, kuma a ganina nan ne gwanintar take. In ka lura da farar robar nan mai kama da gora a gefen injin, cikinta akwai zaruruwa wajen 10,000, kowane da rami a tsakiya, kaurinsa kamar silin gashi uku. Jini na bi ta cikin ramin, ruwan wanki na bi ta waje, suna saɓawa juna. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ya ratsa bangon zaren ya bi ruwan, ƙwayoyin jini da furotin su zauna. Ƙofofin da ke jikin bangon su yi ƙanƙanta, datti ya maƙale. Su yi faɗi, majiyyaci ya yi asarar furotin. Ka san da me likita Willem Kolff ya fara wannan aiki a Holan a 1943? Da ledar da ake ɗura niƙaƙƙen nama a ciki!

Ga inda suka haɗu. A zama ɗaya na awa 4, ruwa kimanin lita 120 ne ke wucewa daf da jinin Baba, ba abin da ya raba su sai bangon zaruruwan nan. Shi ya sa dole ruwan ya fara bi ta gawayi, don kulorin da ake zuba wa ruwan famfo na cinye matatar RO, dangoginsa kuma na fasa jajayen ƙwayoyin jini, sannan ya bi ta RO kafin ya iso injin. Ruwan da za ka sha lafiya lau zai iya cutar da mai wankin ƙoda.

Don Allah in kun koma, ka tambayi ma'aikatan cikin ladabi yaushe aka gwada ruwansu na ƙarshe. Haƙƙinku ne ku sani.