Na mayar da Hiyas ɗaki, ina zan kai iyalina a hutun Disamba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram. Shekara biyu ina tari har Allah ya hore mini wata tsohuwar Toyota Hiace. Na cire kujerun baya, kafinta ya ɗora mini gado da 'yar durowa, irin motocin nan na Turawa da ake kwana a ciki. Niyyata a hutun ƙarshen Disamba in ɗauki uwargida da yara huɗu da mahaifiyata mu yi kwana goma muna yawon buɗe ido: Agadas, Timiya, in ya yiwu Tarmit, sannan mu je mu ga raƙuman dawa na Kure. Autanmu shekararsa uku. Ta ina zan fara, me zan ɗauka, kuma a ina za mu riƙa kwana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Na daɗe ina tuƙa baƙi a hanyoyin nan kafin in koma gareji, kuma ban cika ganin ɗan gari ya ce zai kwashi iyalinsa su je kallon ƙasarsu ba, shi ya sa tambayarka ta yi mini daɗi. Amma zan faɗa maka gaskiya tun daga farko: wuraren da ka jera tafiya huɗu ce daban-daban, kuma uku daga ciki ba na Hiyas ba ne, ba kuma na Hajiya da yaro ɗan shekara uku ba.

Daga nan zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 450 ne. Wannan motarka za ta iya in lafiyarta lau, kuma tsohon garin ya cancanci zuwa: UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar masallacinsa ta laka ta kai mita 27. Timiya kuwa tana cikin duwatsun Abzin, sama da kilomita 200 bayan Agadas, hanyar dutse da rairayin ƙorama, sai kat-kat mai jan taya huɗu da ɗan jagora. Tarmit ta fi haka nisa da mutane. Gandu ne da aka kafa a 2012 don kare namun hamada, musamman barewar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, kuma ba a shigarsa da mota ɗaya ko babu izinin ma'aikatan gandun daji. Kure tana can kusa da Yamai, fiye da kilomita 800 daga ƙofar gidanka, cikin jihar Tilaberi, kuma ka san abin da ya faru a wurin a watan Agustan 2020, lokacin da aka kashe Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu. Ajiye waɗannan ukun sai wata shekara, Agadas ma ka bar ta a wannan karon saboda nisanta da gida.

Abin da mutane ba su lura da shi ba a hotunan Turawa shi ne, motarsu ba ita kaɗai take tafiya ba. A Faransa ko Amurka akwai filayen da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, ka biya, ka jona wuta, ka ɗebi ruwa, ka zubar da ƙazanta. Mu nan babu wannan. Masaukinka ƙofar gidan maigari ne, ko farfajiyar makaranta, ko kusa da jandarmomi. Saboda haka tsara tafiyarka za ka yi daga wuraren kwana: ka fara sanin inda za ka kwana kowane dare da wanda zai karɓe ka, sannan ka ja hanya tsakaninsu. Kai ma ka yi sa'a, malami ne kai, babu garin da za ka rasa abokin aiki. Kira su tun yanzu.

Ga yadda ake yi. Ka shiga gari da la'asar sakaliya, rana ba ta faɗi ba. Ka tsayar da mota nesa kaɗan, ka sauko da ƙafa, ka tambayi gidan maigari. Ka tuɓe takalmi a zaure, a gaisa a tsanake, ka ajiye ɗan goro ko sukari da ganyen shayi, sannan ka ce kai wane ne daga Damagaram, kana tare da tsohuwarka da iyali, kuna neman inda za ku sa haƙarƙari. Da ka ambaci tsohuwa magana ta ƙare. Za a nuna maka gindin bishiya ko kangon wani, matan gida su ja uwargida da Hajiya ciki su yi wanka su kewaya, kafin isha kuma ga ƙwaryar fura ta iso. Wannan ya warware maka babbar matsalar da ba ka tambaya ba, wato makewayi, domin namiji ya iya ɗaukar buta ya bi bayan gari, mata kuwa ba haka ba. Duk da haka ka tafi da bokiti mai murfi da fo na yaro da labulen da za ka kewaye gefen mota, don dare.

Hanyar da zan ba ka ta kasu biyu, gabas da yamma, Damagaram a tsakiya, yadda in wani abu ya lalace ko yaro ya yi zazzaɓi ba ka yi nisa da gida ba.

Daren farko ku kwana a Mirriya. Na san za ka yi dariya, kilomita 18 ne kawai. Amma a daren nan za ka gane cewa gadon bai ishi kowa ba, an manta ashana, fitila ɗaya ta yi kaɗan, kuma gyaran duk wannan bai wuce ka koma gari da safe ba. Garin kansa ba abin rainawa ba ne: manyan kukoki, lambuna, masu ginin tukwane. Yaran birni da yawa ba su taɓa ganin yadda ake ɗora tulu daga curin yumɓu ba.

Daga nan ku bi babbar hanya ta ɗaya zuwa Gidimuni, wajen kilomita 70 daga Damagaram, ku yi kwana biyu. A ganina nan ne zuciyar tafiyar. Tafki ne a cikin kwari, tuddan rairayi sun kewaye shi, ga dabino da lambuna a bakinsa, kuma tun 2019 yana cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar, wato ta duniya kan kare dausayi, ta amince da su. Disamba lokacin tsuntsayen ruwa ne, har da waɗanda ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a nan. Ka tashe su bayan asuba, kowa da bargonsa, ku hau tudu ku zauna shiru. Hazo na kwance a kan ruwa, masu lambu na saukowa da jakuna, tsuntsaye na tashi garke-garke. Sharaɗi ɗaya: kada yaro ya shiga ruwan, ko da ya ga yaran gari suna iyo. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ke ɗauke da tsargiya, sai bayan makonni ka ga yaro yana fitsarin jini. Kuma kada ku kwana a bakin tafkin, sauro bai san hunturu ba a wurin.

In kowa na da sauran ƙarfi ku ƙarasa Gure, wajen kilomita 165 daga gida, yara su ga kwaruruwan goriba da inda kanwa ke fitowa. Daga nan ku juyo. Gaba jihar Difa ce, ba wurin yawo da iyali ba.

Ku kwana ɗaya a gida, a yi wanki, a cika ruwa, sannan ku yi yamma: Takeita, ku ratse kudu zuwa Kance da Matamai, ƙasar rake, daidai lokacinsa kuwa. Ku dawo babbar hanya ku bi Tasawa zuwa Maraɗi, wajen kilomita 240 daga Damagaram. Tafkin Madarumfa na kudu da Maraɗi kaɗan, inda ake ziyarar kaburburan waliyyai 99, Hajiya za ta ji daɗin wannan. Ku je da hantsi ku dawo kafin la'asar, kwana a cikin Maraɗi, saboda ɓarayin daji da ke addabar yankin iyaka. Maganar raƙuman dawa kuwa, a 2018 an ɗebo wasu daga Kure an kai gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro. Hanyar rairayi ce, don haka in kun matsu sai ka bar Hiyas a Dakwaro ka yi hayar kat-kat tare da ma'aikacin gandun daji. Duka zagayen nan bai kai kilomita 1,000 ba in ban da Gadabeji. Kafin kowane zango ka leƙa wurin jandarmomi ka tambayi halin hanyar ranar, matambayi ba ya ɓata.

Yanzu motar. Nauyi ne zai fara cin ka. Hiyas irin taka abin da take ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, duba takardar motar za ka ga adadin. Ku bakwai kun haura kilo 300. Ruwa kuwa kowace lita kilo ɗaya ce, kuma in ka haɗa sha da girki da alwala ka ƙiyasta lita 10 ga kowane mutum a yini, lita 70 ke nan, kusan bido uku na lita 25 kullum. Ka ɗauki huɗu, ka riƙa cikawa a famfon kowane gari, na sha kuma a tafasa ko a jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa. Ƙara katakon gado, batir, tukunyar gas, taya biyu na ajiya, buhun shinkafa, ka ga ka kusa iyaka. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa tsakanin tayoyi, kariyar sama ta ɗauki katifu da tabarmi kawai. Motar da aka tula wa ruwa a ka ita ce ke kifewa a kwana.

Wani abu a tambayarka ya tayar mini da hankali: ka ce ka cire kujerun baya. To ina yara za su zauna in mota na tafiya? A kan gado? A'a, Malam. Mayar da layi biyu, a ɗaure su da ƙusoshi a ƙasan mota, kowace kujera da bel ɗinta. Gadon da durowar su ma a ɗaure su da ƙarfen motar. Ni kaina na taɓa yarda da wani kafinta da ya ce nauyin akwati ya isa ya riƙe shi. Kusa da Takeita jaki ya faɗo mini hanya, na taka birki, akwatin ya taho tun daga baya ya karya jingin kujerar da Allah ya sa babu kowa a kai. Tun ranar ba na tayar da mota sai na girgiza kowane abu da hannuna.

Kuma ka cire rai da cewa ku bakwai za ku kwana a ciki. Motar ɗakin Hajiya ce da uwargida da auta. Kai da manyan yara tabarma da katifa a gefe, ƙarƙashin tamfol da aka ɗaure a jikin mota, kowa cikin sange, wato gidan sauro. Sanyin Disamba a fili ba irin na cikin gari ba ne, ku ɗauki barguna fiye da yadda kuke zato, da hular sanyi da man kaɗanya don kaushi. A nan ne haɗarin da ya fi kowanne yake: in sanyi ya matsa, wani zai ce a shigo da kaskon gawayi cikin mota a rufe gilasai. Kada ka yarda ko na minti biyar. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji, ba zai farka ba. Girki ma a waje, tukunyar gas a tsaye a ɗaure, a rufe kanta kafin a tashi, taga ɗaya kuma a bar ta a ɗan buɗe duk dare. Da safe a kakkaɓe takalma saboda kunama.

Wuta ba ta buƙatar wahala: faifan sola ɗaya da batir na biyu daban da na injin sun isa fitilu da cajin waya. Firji ka bar shi. Ga kilishi, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, alkakinmu na Damagaram, ga kayan lambu sabo a kowane zango.

Mako biyu kafin tafiya kai ta wurin bakanike ya duba birki, lagireto, fambel da sifirin, a canja mai da matatun iska da na gazuwal, don ƙurar hunturu na toshe su da wuri. Mako biyu na ce, domin mota ta fi nuna ciwonta bayan an taɓa ta. Ka tafi da jak mai kyau da guntun katako na ɗora shi, famfon taya, shebur, igiyar ja. In ka kafe a rairayi kada ka yi ta taka totur, tona kanta za ta yi. Sauke mutane, rage iskar tayoyi, share gabansu, shimfiɗa tabarma ko rassa, ka fita a hankali da giya ta biyu. Mai kuwa ka lissafa lita 13 zuwa 14 a kilomita 100 da kaya, ka sha a gidan mai, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi.

Takardu su zauna a jaka ɗaya kusa da kai saboda shingaye: lasin tuƙi, kart giris (takardar mallakar mota), inshora, takardar bizit (ta duba lafiyar mota), binyet (shaidar biyan harajin mota), katin ɗan ƙasa na manya da takardun haihuwar yara, da 'yan canji na peyaji, wato kuɗin hanya. A akwatin magani a sa na zazzaɓi, gishirin zawo, bandeji, da maganin Hajiya na kullum wanda zai wuce kwana goma. Auta in jikinsa ya yi zafi a kai shi likita mafi kusa a yi gwajin maleriya a ranar, kada a jira komawa gida. Riƙe layin waya biyu na kamfani daban-daban, ka bar wa wani ɗan'uwa jerin garuruwan da za ku kwana, kana kiransa kowace magariba.

Tuƙi kuma daga hantsi zuwa azahar, awa uku ko huɗu a yini, dare ko kusa. Amalanken shanu ba su da fitila, raƙumi kuma ba ya kauce wa kowa. Hajiya za ta tambaye ka maganar kasaru: a mazhabarmu ta Malikiyya sai tafiya ta kai wajen kilomita 80, saboda haka a Mirriya da Gidimuni ku cika sallarku, in kuwa Gure kuka nufa ko Maraɗi, kun samu sauƙi.