Najeriya ko Kenya: kasuwar kuɗin wa ta fi bunƙasa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai nazarin tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina. Gardama muke da abokaina: tsakanin Najeriya da Kenya, wace ce kasuwar hada-hadar kuɗinta ta fi ci gaba?

Amsa: Ƙanena, gardamarku ba za ta ƙare ba sai kun daidaita kan mudun da za ku yi awo da shi. In girma ake magana, Najeriya ce a gaba. In kuwa ana nufin yadda harkar ta kai ga talaka, Kenya ta daɗe da shan gabanmu.

Kenya ta riga mu farawa. An kafa kasuwar hannun jarin Nairobi a 1954, ta Legas kuwa a 1960, aka soma ciniki a 1961. Amma ni a ganina inda hanyoyin suka rabu sosai shi ne tsakanin 2004 da 2009.

Mu daga sama muka yi gini. A 2004 Charles Soludo, gwamnan Babban Banki, ya ɗaga jarin da ake bukata daga kowane banki daga naira biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25. Bankunan suka bazama sayar da hannun jari, har a nan Katsina ma'aikata da 'yan kasuwa suka saya, wasu ma da bashin banki. Da farashi ya rushe a 2008, mutane da yawa suka tafka asara. A 2009, zamanin marigayi 'Yar'adua, sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankuna, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta kwashe basussukan da suka maƙale wa bankuna. Har gobe akwai dattawan da in ka ce musu "hannun jari" sai su kau da kai, kuma ban ga laifinsu ba.

Kenya kuwa daga ƙasa ta faro. A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, mai tallan kayan miya ta riƙa aika kuɗi da karɓa ta ƙaramar waya ba tare da asusun banki ba. Babban bankinsu ya bar kamfanin waya ya ja ragama, namu kuwa ya fifita bankuna. Sai a 2022 MTN da Airtel suka buɗe nasu bankunan biyan kuɗi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya ƙara tura 'yan kasuwar Daura da Mai'adua ga masu POS da tura kuɗi ta waya.

Muna da abin da za mu nuna. Dokar fansho ta 2004 ta tara kuɗin da gwamnati ke ranta na dogon zango. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, a 2017 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wanda ya buɗe ƙofa ga masu gudun kuɗin ruwa.

In za ka kwatanta alƙaluma, kada ka yi da naira tsurarta. A 2008 dala ba ta kai naira 120 ba a mafi yawan shekarar, a 2024 ta haura 1,500. Ka raba darajar kasuwar hannun jari da girman tattalin arzikin kowace ƙasa, ka duba bashin da 'yan kasuwa ke samu daga bankuna, sannan ka ƙirga manya nawa cikin ɗari ke da asusu, shekara bayan shekara.