An Fasa Mana Gida a Houston: In Nemi Diyyar Inshora Ko In Haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune da iyalina a Houston ta jihar Texas, shekara shida ke nan da muka sayi gida da bashin banki. Ranar Asabar da ta wuce mun tafi walimar suna, muna dawowa muka tarar an ɓalle ƙofar baya. An kwashe sarƙa da 'yan kunne da awarwaron gwal na maiɗakina, na lefenta ne, yau za su kai dala 4,000. An ɗauki dala 900 da na ajiye a ambulan zan ba wani mai tafiya gida ya kai wa mahaifiyata, da kwamfutata da na saya dala 1,200 shekara uku da suka wuce, da keken yaro na dala 300. Kafinta ya ce gyaran ƙofa dala 450. 'Yan sanda sun zo sun rubuta. Ina da inshorar gida, an rubuta a shafin farko cewa dala 2,000 na farko a kowace asara ni zan ɗauka. Shekara biyu baya mun taɓa karɓar diyya kan 'yar gobarar kicin. Wani abokina ya ce kada in kuskura in kira kamfani, wani kuma ya ce in kira, in ma ƙara da talabijin a lissafi. Wanne zan bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Sannunku da wannan abu, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. A yi wa uwargida jaje, don na san gwal ɗin lefe ba a kuɗinsa kaɗai ake jin zafin rabuwa da shi ba.

Bari in fara sallamar abokinka na biyu. Kada ka ƙara ko cokali a kan abin da aka ɗauka. Za a ba ka takarda ka sa hannu bisa rantsuwa, kuma kowace yarjejeniyar inshorar gida tana da sharaɗin cewa wanda ya yi ƙarya da gangan ya zubar da haƙƙinsa gaba ɗaya, har na abin da aka sace masa da gaske. Ban da haka, zambar inshora laifi ce a babi na 35 na kundin hukunta laifuka na Texas, kuma idan ba ka riga ka zama ɗan ƙasa ba, hukunci kan zamba yana iya taɓa takardun zamanka. Talabijin ɗaya bai kai wannan ba.

Shi kuwa na farko, akwai gaskiya a maganarsa, amma ya yanke hukunci kafin ya yi lissafi. Mu yi shi tare.

Inshorar gida a Amurka tana biyan sata, wannan ba a ja. Inda mutanenmu ke shan mamaki shi ne wani ɗan sashe da ke tsakiyar takarda, wanda ya sa wa wasu kayayyaki iyaka ta musamman. A samfurin takardar inshorar gida mai suna HO-3, bugun 2011, na ISO, wato ofishin da ke tsara wa kamfanonin inshora irin waɗannan takardu, wanda kamfanoni da yawa suka gina nasu a kansa, duk kayan ado na gwal da agoguna da duwatsu masu daraja da aka sace a karo ɗaya, dala 1,500 ce iyakarsu, a haɗe, ba kowane ɗaya ba. Tsabar kuɗi kuwa dala 200. Wasu kamfanonin sun ɗara haka, wasu ba su kai ba, don haka ka buɗe taka ka ga lambar da idonka. Ko da shafin farko ya ce an rufe kayan cikin gidanka har dala 150,000, wannan iyakar ce ke aiki a kan sarƙar uwargida. Kuma abin takaici, abubuwa biyun nan, gwal da tsabar kuɗi, su ne aka fi ajiyewa a gidajenmu.

To, a ce lambobinka irin waɗannan ne. Gwal na 4,000 ya koma 1,500. Kuɗin Hajiya 900 ya koma 200. Kwamfuta da keke sun danganta da irin tsarin da ka saya: idan na darajar kaya a ranar sata ne, za a cire tsufa, kwamfutar shekara uku ta iya dawowa wajen 500, keke 150, a ƙiyasina. Ƙofa 450. Jimilla 2,800. A cire 2,000 ɗin da ke wuyanka, saura 800. Asarar dala 6,850, cek na dala 800. Idan tsarinka na sayen sabo ne, abin zai kai wajen 1,650, sai dai yawanci sai ka sayi sabuwar kwamfutar ka kai rasit sannan a cika maka ragowar.

A nan akwai wata gaɓa da nake so ka tsaya a kanta, don ita ce za ta raba maka gardama. Hanya biyu ake bi wajen cire kason mai gida, wato dala 2,000 ɗin da ke wuyanka. Ta farko ita ce wadda muka bi yanzu: a fara datse gwal da kuɗi zuwa iyakarsu, sannan a cire 2,000 daga abin da ya rage. Ta biyu, a cire 2,000 daga ainihin asarar tun kafin a datse. A wannan hanyar, tun da akwai dala 2,500 na gwal da 700 na kuɗi da dama kai za ka ɗauka saboda sun haura iyaka, su ne za su shanye kason naka, a biya ka 2,800 cif. Abin da ya raba 800 da 2,800 layi ɗaya ne a takardarka. Nemi wurin da aka yi bayanin wannan kaso, ka duba ko an ce ana cire shi daga asara ne ko daga abin da ya cancanci biya. Idan lafazin yana iya ɗaukar ma'ana biyu masu ma'ana, ƙa'idar kotunan Texas ita ce a fassara shi ta ɓangaren mai inshora, tun da kamfani ne ya rubuta.

Yanzu ga abin da neman diyyar zai ci maka. Akwai wani rumbun bayanai da ake kira CLUE, kamfanin LexisNexis ke riƙe da shi. Kusan duk diyyar da aka nema a kan gida tana shiga ciki, da rana da dalili da abin da aka biya, ta zauna har shekara bakwai. Tana bin sunanka, tana kuma bin adireshin gidan. Duk kamfanin da ka je wa neman sabuwar inshora zai leƙa, ranar da za ka sayar da gidan ma mai saye yana iya cewa ka kawo masa. Har buƙatar da aka buɗe aka rufe ba a biya ko sisi ba tana iya fitowa a ciki. Gobarar kicin ɗinka tana nan zaune.

Dokar inshora ta Texas, sashe na 551.107, ta ba kamfani damar ƙara maka kuɗi lokacin sabuntawa idan ka nemi diyya a cikin shekara uku da suka gabata, ta kuma ba shi damar ƙin sabunta maka idan ka nema sau uku a cikin shekara uku. Ba a lissafa ɓarnar da ta zo daga Allah kamar guguwa da ƙanƙara, ba a kuma lissafa wadda ba a biya ba. Amma gobarar kicin da sata duk suna shiga. Ke nan wannan ita ce ta biyu. Ba za a kore ka saboda ita ba, sai dai za ta bar ka a bakin gaɓa har gobarar ta cika shekara uku. Idan a tsakanin nan wata babbar ɓarna ta faru, wadda ba yadda za ka yi sai ka nema, ta uku ke nan. Wanda kamfani ya sallama da tarihi irin wannan yakan sha wuya kafin ya sami wani, wani lokacin sai ya koma ga Texas FAIR Plan, inshorar mafakar ƙarshe wadda ake shiga bayan kamfanoni biyu sun ƙi mutum, kariyarta kuma ba ta kai ta kasuwa ba. Idan kuwa aka sami giɓi, gidan ya zauna ba inshora, bankin da ke bin ka bashin gida zai sayo inshora da kansa ya ɗora maka kuɗin, mai tsada, wadda ginin take karewa don amfanin banki, ba kayanka ba.

Ga ra'ayina. Idan lissafi ya tsaya a 800, ka haƙura. A ce ƙarin dala 300 kawai aka yi maka a shekara, cikin shekara uku ka mayar musu da fiye da abin da suka ba ka, ga kuma tabo a rumbu. Idan kuwa takardarka tana bin hanya ta biyu, musamman in tsarin sayen sabo gare ka, kuɗin ya kai a nema, ni da kaina zan ce ka nema, don haƙƙinka ne da kake biya wa duk shekara.

Yadda za ka yi tambaya ma akwai dabara ta halal. Dokar Texas ta hana kamfani hukunta mutum saboda ya kira ya yi tambaya kan abin da inshorarsa ta ƙunsa ko yadda ake neman diyya. Amma kariyar tana faɗuwa idan tambayar ta shafi wata ɓarna takamaimai da ta riga ta faru har ta kai ga bincike ko buɗe fayil. Sau da yawa mutum yakan kira lambar kamfani don jin ta bakinsu, kafin ya ajiye waya an ba shi lambar fayil. Saboda haka ka fara da karanta takardar. In ba ka da cikakkiyarta, ka nemi a turo maka. In akwai abin da ya shige maka duhu, ka tambayi ejan ɗinka, wato wakilin da ya sayar maka da inshorar, yadda ake lissafa kason mai gida idan kaya suna da iyaka ta musamman. Idan ya tambaye ka ko wani abu ya faru, kada ka ɓoye, ka dai gaya masa ba ka yanke shawarar nema ba tukuna. Kuma kada abin ya ɗauke ka makonni, don takarda ta wajabta sanar da kamfani da wuri. Cikin 'yan kwanakin nan ka yanke.

In ka shigar, kamfani yana da kwana 15 ya amsa ya fara bincike, da kwanakin aiki 15 bayan ka miƙa duk abin da ya nema ya ce ya karɓa ko ya ƙi, da kwanakin aiki 5 ya biya bayan ya ce zai biya. In suka yi maka wasa da wannan, ka kai ƙorafi hukumar inshora ta Texas, TDI, kyauta ne. Za su nemi shaidar mallaka. Na san gwal ɗin lefe da wuya a sami rasit ɗinsa, dangi ne suka sayo a Dubai ko Makka shekaru da suka wuce. Ku tono hotunan biki da na sallah inda sarƙar ta fito sosai a wuyanta, da bidiyon buɗe akwati in akwai, da duk wani saƙon WhatsApp da aka ambaci nauyin giram. Waɗannan suna aiki.

Ko ka nema ko ba ka nema ba, ka karɓi lambar rahoton 'yan sanda, ka kai musu lambar jikin kwamfutar, yawanci tana kan kwalinta ko a imel ɗin saye, don da ita suke bin shagunan jingina. Ka nemi rahotonka na CLUE daga LexisNexis, dokar tarayya ta ba ka kofi ɗaya kyauta duk wata 12, in ka ga kuskure kuma kana da ikon ƙalubalanta. Kada ka sa rai da rangwamen haraji, tun 2018 aka rufe wannan ƙofar ga satar kayan gida irin taka.

Sai gwal ɗin da ya rage wa uwargida, ko wanda za ka mayar mata in Allah ya hore. Ku kai shi wurin maƙerin zinariya mai ba da takardar ƙiyasi, a auna, a ɗauki hoton kowane ɗaya, sannan ka ce wa ejan a rubuta su ɗaya bayan ɗaya a ƙarin shafi na musamman. Abin da aka rubuta haka ya fita daga iyakar 1,500, yawanci ba a cire kason mai gida a kansa, har ɓacewa ma yakan shiga. A riƙa sabunta ƙiyasin, don a watan Maris na 2025 farashin gwal ya haura dala 3,000 kowace oza a karon farko, tsohuwar takarda ba za ta kama kuɗin yau ba. Kuɗin Hajiya kuwa, na gaba ya kwana a banki har ranar da mai tafiya zai tashi.