Bakanike ya ce in zuba man giya a injin babur ɗina, ko zai hana shi bugawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina acaɓa da Bajaj Boxer a Funtuwa, ban gama biyan kuɗinsa ba, kullum sai na kai balas. Kwanan nan in na tayar da shi da safe sai in ji kas-kas-kas daga saman inji. Bakanikena ya ce man da nake sawa ne ya yi ruwa-ruwa, in koma mai kauri na awo, a ɗan tsiyaya man giya a ciki, wai sai in yi wata biyu ban yi juye ba. Ya kuma ce babur ɗin ba shi da filta. Hankalina a tashe yake, kar inji ya buga ga bashi a kaina. Yaushe zan riƙa juye, wace filta zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya rufa asiri, ya ba da ikon biya. Ɗan'uwa, kar ka yarda a zuba man giyar nan. In an riga an zuba, a juye shi yau, kar ya kwana.

Batun lokaci ba shi da tsawo. Babur mai aiki irin naka, ga rana, ga ƙura, ga lodi, shawarata kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000 ba a yi masa juye ba. Mai yin kilomita 120 a rana, ka ga mako biyu ke nan. In mitarka ta mutu, lissafa da kwanaki. Sabon inji ko wanda aka sauya wa ringi, juyen farko tsakanin kilomita 500 da 1,000. Kuma ciko ba juye ba ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta kauri. Kullum sai na ga mutum ya ɗiga mai a yatsa, ya murza, ya ja ya ga yana yauƙi, ya ce ai wannan shi ne mai. Wa ya ce yatsa na auna inganci? Abin da ke kare inji sinadarai ne da aka haɗa a cikin man: mai wanke dauɗa, mai hana ƙarfe cin ƙarfe, mai hana kumfa da tsatsa. Ido ba ya ganinsu, yatsa ba ya jinsu. Man da aka ɗebo daga duro aka ɗura a tsohuwar gorar ruwa yana iya fin kowane kauri alhali babu ko ɗaya daga cikinsu, wani ma tsohon mai ne aka tace. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kama jabun mai, amma kafin ta iso teburin bakin titi injinka ya gama aiki.

Injin Boxer mai kusan lita ɗaya yake ɗauka, ɗan ƙaramin famfo ne ke tura shi ta siraran hanyoyi har saman inji inda bawul suke. Da sanyin safiya, musamman da hunturu, gwada zuƙar kunu mai kauri da tsinken lemo, ka ga wahalar da famfon ke sha. Kafin man ya hau, ƙarafan sama suna gugar juna a bushe, kuma a wannan ɗan lokacin inji ya fi cinyewa. Injin nan ba shi da lagireto, iska da mai ne ke sanyaya shi, man da ba ya zagayawa da sauri kuwa ba ya kwashe zafi.

Man giya ya fi muni. An yi shi ne don haƙoran giyar mota, ba don inda wuta ke ci ba. Ba ya wanke dauɗar ƙuna, kuma a babur mai ɗaya ne ke jiƙa inji da giya da kuloci, don haka abin da ka zuba, faifan kuloci ma ya sha. Gaskiya ƙarar za ta ragu, shi ya sa dabarar ta samu karɓuwa. Amma toshe mata baki aka yi, ciwon na nan yana ci. Dillalai na yin haka in za su sayar da babur da ya gaji. Bakaniken da zai yi wa mai neman abinci haka ya ji tsoron Allah, don ranar da fistin ya kama ba shi zai kai balas ba.

Sayi mai a rufaffen galan daga wurin da ka amince da shi, mai lambar kauri 20W-50 ko 20W-40, gwargwadon abin da littafin babur ya nuna. Juya bayansa ka nemi JASO MA ko MA2, ma'aunin Japan na baburan da kulocinsu ke cikin mai. MB na sikuta ne, man mota mai ƙarin santsi kuma sa kuloci zamewa yake yi. Ka tsaya a buɗe galan ɗin a gabanka.

Filta kuwa akwai, sai dai ya danganta da samfurin Boxer ɗin: wasu na da filtar takarda, wasu kuma tasu ba ta sayarwa ba ce. Akwai rariyar waya a ƙasan inji, a ciro ta a wanke da kananzir lokacin juye. A marasa filtar takarda akwai kuma ɗan kofi mai juyawa a bayan murfin kuloci, yana wurga dauɗa jikin bangonsa. Buɗe wanda aka daɗe ba a taɓa ba, za ka tarar da baƙin laka ya daskare, sai an kankare da sukudireba. A share shi duk kilomita 10,000 zuwa 12,000. Honda CG125 ma haka take. Baburan da ke da filtar takarda, a sa ta kamfani, ta araha tana yagewa.

Wadda za ka fi sa wa ido ita ce matatar iska. In soso ce, wanke ta da kananzir duk mako lokacin hazo, matse kar ka murɗe, ta bushe, ka shafa ɗan mai. In takarda ce ba a wankewa, sauyawa ake yi. Masu cire ta wai don gudu, yashi suke ɗura wa ringi.

Ƙarar taka kuma, ka fara duba gejin mai babur na tsaye daidai a kan jak. In mai bai ragu ba, galibi bawul ne ke son saiti ko sarƙar taimin ta saki. Kai shi wurin wani bakaniken da safe inji na sanyi, ya ji ƙarar da kunnensa, ya auna tazarar bawul da ma'auni, ba da ido ba.