Ɓaure ya yi mana yawa a gida, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da itacen ɓaure biyu a bayan gida, irin na dashe da ake kira tin. Bana sun yi 'ya'ya har mun rasa yadda za mu yi. Mun ci, mun aika wa maƙwabta, amma kullum sai mun share ruɓaɓɓu a ƙasa. Me za mu yi da shi?
Wata uwargida, Rayfield, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɓaure ba ya jira. Idan aka tsinke shi ɗanye ba ya ƙara nuna, idan kuma ya nuna, ko a firji kwana biyu zuwa uku ne ƙarshensa. Don haka ki riƙa tsinka kowace safiya, kafin tsuntsaye da tururuwa su riga ki, ki kuma sarrafa shi a ranar. Nunanne shi ne wanda wuyansa ya lanƙwashe, ya yi laushi a hannu. Wanda kika ji yana warin tsami, ki zubar. Ya fara ruɓewa daga ciki.

Idan damina ce, shawararmu ki dafa jam, wato 'ya'yan itace da ake dafawa da sukari har su yi kauri, a riƙa shafa wa burodi. Ga kilo 1 na ɓaure ki tanadi sukari giram 600, ruwan lemon tsami cokalin cin abinci 4, da rabin kofin ruwa. Ki wanke, ki cire hancin, ki yanka kowanne gida huɗu. Ba sai kin ɓare ba, bawon yana narkewa. Ki haɗa da sukarin ki rufe na awa biyu ya tsatso ruwansa, sannan ki ɗora a tukunya mai kaurin gindi. Wuta kaɗan har sukarin ya narke, daga nan ki ƙara wuta kina juyawa, minti 30 zuwa 45. Ɗan citta ko kirfa yana dacewa da shi.

Kada ki tsallake lemon tsamin nan don kin ga ɓauren ya yi zaƙi. Ɓaure ba shi da tsami sosai, kuma tsamin ne ke taimaka wa jam ya kama jikinsa, shi ne kuma ke hana ƙwayoyin cuta masu haɗari rayuwa a kwalbar da aka rufe.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman. Littattafan girki kan ce jam yana nuna a digiri 104 zuwa 105 na ma'aunin Celsius, amma wannan lissafin bakin teku ne. Mu muna bisa tudu kusan mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, jam kuwa ya nuna a wajen digiri 100. Mai jiran 105 a nan za ta sauke abu mai tauri kamar alewa, wataƙila har da ƙauri. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ki ba shi minti ɗaya, ki tura da yatsa. Idan samansa ya tattare, ki sauke.

Ki tafasa kwalabe da murafensu, ki zuba jam da zafinsa, ki bar ɗan fili a sama, ki goge bakin, ki rufe. Wanda za ki ajiye a ɗaki ba a firji ba, ki mayar da kwalbar cikin ruwan da ya rufe ta, ya tafasa minti 15. Duk wadda aka buɗe, sai firji, kuma da busasshen cokali.

Tambaya: Na shanya ɓaure a faifai a watan Agusta, kwana uku ya yi fumfuna. Ina matsalar take?
Wani magidanci, Bukuru

Amsa: Malam, matsalar lokacin ne. A tsakiyar marka iskar Jos cike take da laima, ɓauren ma ya sha ruwa har yana tsagewa, sai fumfuna ta riga rana. Shanya aikin rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A raba kowanne biyu, a jera cikinsa na kallon sama ba tare da sun taɓa juna ba, a lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu, a shigar da shi ɗaki da yamma saboda raɓa. Kwana uku zuwa biyar yakan isa. A damina kuwa sai obin: digiri 60, ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, awa 8 zuwa 12, manya su fi haka. Ya bushe idan yana lanƙwasuwa amma ko an matsa ba ya fitar da ruwa. Ka zuba a kwalba ka riƙa dubawa har mako guda. Ka ga gumi a jikin gilashin, ka mayar da shi shanya.

Tambaya: Na markaɗa ɓaure da madara na sa a firji, da safe na tarar ta tsinke tana ɗaci. Kuma hannun yarona ya yi ja bayan ya tsinko mana.
Maman yara, Unguwar Rogo

Amsa: 'Yar'uwa, tushen abin ɗaya ne: farin ruwan nan mai danƙo da ke fita a hancin ɓaure da ganyensa. Yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da furotin, shi ya tsinka miki madara. Ki yanka ɓauren a kan kindirmo ko fura daidai lokacin da za a sha, ko ki fara dafa shi minti biyar, zafi yana kashe ƙarfin sinadarin. Yaron kuma ya riƙa sa safar hannu da riga mai dogon hannu. Idan ruwan ya taɓa fata, a wanke da sabulu nan take, a kuma kare wurin daga rana na kwana biyu, domin haɗuwarsa da hasken rana ke sa fata ta tashi kamar ƙuna. Idan ta yi ƙuraje masu ruwa, a kai shi asibiti.