Amsa: Da gaske zinare na maganin ciwon daji?

Malama, kin tambaya ko gaskiya ne ana haɗa maganin ciwon daji da zinare, kuma ko yana kama DNA, wato zaren gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, kamar yadda maganin daji na cisplatin ke yi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma da sauran rina a kaba.

Shi cisplatin da ƙarfen filatinom aka haɗa shi, kuma Amurka ta amince da shi tun 1978. Yana manne wa guwanin, ɗaya daga cikin tubalan da ke jikin DNA, ya lanƙwasa zaren, ƙwayar dajin ta kasa rabuwa ta mutu. Sinadarin zinare mai caji 3 siffarsa iri ɗaya ce da ta filatinom ɗin, shimfiɗaɗɗiya mai kusurwa huɗu, shi ya sa masana suka zaci aiki ɗaya za su yi. Ashe ba haka ba. Da ya shiga jiki sai ya rikiɗe da wuri, riƙonsa ga DNA kuma sako-sako ne. Wasu haɗe-haɗen zinaren dai kan kutsa tsakanin matakalan zaren, wanda siffarsa kamar tsani ce.

Inda zinare ya fi ƙarfi shi ne furotin. Auranofin, magani mai ɗauke da zinare da aka amince da shi a 1985 don ciwon gaɓoɓi, yana toshe wani inzayim (furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwaya) mai ɗauke da sinadarin seleniyom, sunansa thioredoxin reductase, sai guba ta taru a cikin ƙwayar. Gwaji ake yi har yanzu, ba a amince da shi a matsayin maganin daji ba.

Shekaranjiya a tashar Kawo da ke Kaduna na ga wani da 'yar kwalba yana tallar "ruwan zinare". Don Allah kada ki saya wa Hajiya, ki kai ta Asibitin Barau Dikko likita ya duba ta.